Tutar da Baba Ya Bari

Ran da muka binne Baba a Alabama,
ƙanena Dwight ya hau tsani da la'asar,
ya sauko da tutar da ke bakin rumfa:
jan ƙyalle, shuɗin gicciye a karkace,
taurari goma sha uku, ɗaya ya kusa gogewa
don rana da ruwa sun daɗe suna cin ta.

Ya ce, "Ɗinke min bakinta, Lurleen, ta yage.
Gobe da asuba zan mayar da ita sama.
Gado ne wannan, ba ƙiyayya ba.
Kakan kakanmu a ƙarƙashinta ya faɗi,
ɗan shekara sha tara, ƙafa ba takalmi,
ko jaki bai taɓa mallaka ba, balle bawa."

Na karɓa ban yi musu ba.
Da wannan zancen aka yaye ni nima,
kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A kicin na tarar da Ozella tana ɗauraye kofuna,
ita da ta yi jinyar Baba shekara uku cur.
Ita ke juya shi kada kwanciya ta ci masa baya,
ita ke jiƙa masa burodin masara a madara
tun da haƙora suka ƙi, hannu ya kama rawa.
Baba kan ce wa baƙi, yana ganin yabo ya yi,
"Ozella ai daban take, ba kamar sauransu ba."
Mu yi murmushi. Ita ta gyara masa matashi.

Ta ga ƙyallen a kafaɗata. Ta kashe famfo.

Na ce, don dai in kori shirun,
"Kullum ta baya kike shigowa, Ozella,
ga ƙofar gaba a buɗe, ba mai hana ki."

Ta goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa.
"Ba ƙofar na guje wa ba, Lurleen.
Ina 'yar shekara shida aka ƙone mana coci.
Uwata ta tura ni ƙarƙashin gado,
amma ta tsagar katako na hango motocin,
na ga abin da ke kaɗawa a bayansu.
Ban ga fuskar kowa ba.
Shi kaɗai ya zo da fuskarsa a buɗe."

Agogon bango ya yi ta tafiyarsa.

"Na so babanku," in ji ta, "Allah shaida.
A tafin hannuna ya cika.
Amma sau dubu na zo gidan nan,
sau dubu na zagaya ta wajen kaji."

Ta ɗauki jakarta. Ta baya ta fita.

Sau dubu!
Ni kuwa ina zaune a rumfar da shayi mai ƙanƙara,
inuwar tutar tana wasa a cinyata,
ina ɗaga mata hannu, ina cewa a raina:
inuwar bayan gida take nema wa motarta.
An ce mai ɗaki ya san inda yake yoyo.
Ƙarya ne. Wani mai ɗakin a busasshen gefe yake kwana.

Yanzu dare ya raba.
Gwangwanin ɗinkin Mama na buɗe a gabana,
akwai jan zare, akwai shuɗi.
Yaron nan mai shekara sha tara, ina jin tausayinsa,
amma wa ya tura shi, kuma gonar wa ya je tsarewa?
Audugar wa? Bayan wa ya sunkuya a cikinta?

Dwight ba mugu ba ne.
Shi ya gyara wa Ozella taya a cikin ruwan sama,
ya ƙi karɓar ko sisi,
da hoton tutar manne a gilashin motarsa.
Yaya zan faɗa masa? Da wane baki?

Sau uku na kai zare bakin allura,
sau uku ya kauce.
Idona lafiya lau yake.

Can ga fitilar a-kori-kurarsa ta karyo kwana.
Tutar na kan cinyata, yagaggiya yadda ya ba ni.
Na tashi na kunna fitilar ƙofar gaba,
na jawo kujera biyu.